Kujerar Baya a Cocin Kottayam

Tun kafin ƙararrawa Kuriakose ya iso,
rigarsa sharkaf da ruwan damina.
Ya ce, "Shosamma, lasifika ce ƙarshen kunnawa,
ita ce farkon kashewa.
Sauya batir ko na jiya bai mutu ba.
Kada makirufo ya fuskanci lasifika:
in suka haɗa ido, sai kuka."

Na ɗaga muryar Fada Mathai kaɗan-kaɗan,
kamar mai barbaɗa gishiri a miyar kifi.
Ruwa ya tsananta bisa rufin kwano,
na ƙara.
Ya tsagaita, na sha'afa ban rage ba,
tarin Fada ya girgiza tagogi.

Kowa ya waiwayo.
Tsohon ya danne dariya:
"Ranar da kika iya,
ba wanda zai san kina nan."