Baƙon da Bai Zama Raɓa Ba

Kakata Ermelinda ba ta taɓa cinye abincinta ba.
Loma uku, sai ta ture faranti,
ta dafe ƙasan haƙarƙari da tafin hannu
kamar mai rarrashin jaririn da ya ƙi barci.

A Mortara kowa ya san labarin cikinta.
Mai gasa burodi ya sani,
mai kantin magani har ya daina tambaya,
da ya hango gyalenta sai ya miƙo kwalba.

Likitan farko ya ce gyambo ne.
Na biyu ya raba ta da madara da cuku.
Na uku ya leƙo ta saman tabarau,
ya ce, "Uwa, tunani ne ya yi miki yawa,"
ya rubuta ƙwayar barci.
Ta bar albasa, ta bar gahawa,
ta bar tumatir, ita da aka haifa a Italiya!
Cikin bai bar ta ba.
Mako guda zawo, mako biyu shiru,
sai kumburi, sai ƙugi irin na hadarin da ba ya zuba,
sai wani jan zare mai ƙaiƙayi a cinya,
da hantsi yana nan, da la'asar ya matsa gaba
kamar mai neman gidan da ya manta.

Ottavio ya shekara arba'in da ɗaya
yana ce mata gobe za ki ji sauƙi,
har ƙasa ta rufe idonsa.

Tana da saba'in da tara tari ya kai ta asibitin Pavia.
Likita Nives, ko furfura ɗaya ba ta da ita,
ta daɗe tana kallon takardar gwajin jini.
Ba ta tambayi me ta ci jiya ba.
Ta ce, "Kin taɓa shiga fadama ba takalmi?"

Kakata ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta.
"'Yar nan, wa ya ba mu takalmi?
Kwana arba'in kowace bazara,
ruwa har gwiwa, baya a sunkuye,
muna cire ciyawa a shinkafar wani.
Sauro a wuya, macijin ruwa a tsakanin ƙafafu,
makewayi kuwa, gefen kunyar gona.
Shekarata sha huɗu."

Ashe a nan ta shiga.
Tsutsa, ba ta kai silin gashi ba,
ta huda dunduniya ba sallama,
ta bi jini, ta sami ɗaki a hanji, ta shimfiɗa tabarma.
Ta haifi 'ya'ya, 'ya'ya suka haifi jikoki,
ba wanda ya taɓa ganin rana a cikinsu.
An ce baƙo raɓa ne.
Wannan ya ga aurenta, ya ga haihuwar uwata,
ya raka ta jana'izar miji,
kowace loma da rabonsa.

Maganin kuwa 'yan ƙwayoyi ne,
ƙanana kamar tsakin shinkafa,
kwana biyu, da ruwa rabin kofi.

Na zaci za ta yi guɗa.
Kwana uku ba ta ce uffan ba.
Tana zaune bakin taga tana ƙirga da yatsu:
bukukuwan da ta bari tun ba a fara rawa ba,
tekun Genova da ba ta je ba
don jirgin ƙasan ba ya tsayawa inda take so,
ranakun da aka ce raki ne, ta yarda.

Ran Lahadi ta ce in ɗora tukunya.
Shinkafa da romo, da albasa, da cuku har ya yi yauƙi.
Ta ci, ta side cokali, ta miƙo faranti.
"Shekara sittin da biyar shinkafa na ci na," in ji ta,
"ƙaro mini, yau zan fara ramawa."

Amma har yanzu, in ta gama,
hannun nan yakan tafi ƙasan haƙarƙari da kansa,
ya tsaya, ya saurara,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin da ya tashi.