Kifin Rijiya a Islamorada

Ni da aka haifa a Maigatari,
inda ruwa ke zuwa a garwa, a ƙirga kuɗinsa,
yau ga ni a bakin jirgi a Islamorada.
Raliya ta biya mana kujera biyu,
ta ce, Inna, hutun asibiti kwana ɗaya ne,
kada ki cinye mini shi da tsoron ruwa.

Mai tuƙin mace ce, sunanta Odalis,
rana ta jeme fatarta kamar kirgi,
ga haƙorin Makka, ba ta ko san hanyar Makka ba.
Ta ƙirga mu, sha huɗu, ta sake ƙirgawa,
ta ce da yamma ma sha huɗu take so.
Na ce a raina, je ki faɗa wa ruwa.

A tsibiri na farko ban sauka ba.
Itatuwa na tsaye cikin gishiri, saiwoyi a waje,
kwasakwasa na kallona da jaka a wuya.
Kowa ya faɗa, ni na zama mai gadin takalma.

Ba ta sani ba, 'yar nan.
Ban taɓa ba ta labarin Ilu ba,
ƙanena, ɗan shekara bakwai,
da kududdufin bayan makaranta,
da hular da ta taso ita kaɗai
tana juyi a kan ruwa.

A na biyu ta ɗaura mini rigar da ba ta nutso,
ta sa mini tabarau mai toshe hanci,
bututu a baki, takalman agwagwa a ƙafa.
Da 'yan unguwarmu sun gan ni, da na shiga uku.
Na kama igiyar jirgi yadda wanda ruwa ya ci
ke kama takobi in an miƙa masa,
sannan na sunkuya.

Shiru.
Sai numfashina, kamar zugazugin maƙeri.
Ashe gari ne a ƙasa, har da kasuwa:
kifaye ruwan ɗorawa masu zane, anko guda,
wani shuɗi kamar yanzu ya fito daga marina,
wani mai bakin aku na gurguran dutse,
ina jin ƙas-ƙas ɗinsa kamar mai cin aya.
Mafitai na kaɗawa, babu hannun da ya riƙe su.
Kififiya ta wuce, tsohuwar alƙaliya,
ba ta gaida kowa ba.

Na buɗe baki in ce subhanallahi,
gishiri ya cika shi.
Na taso ina tari, Raliya na dariya,
sai na ga hannuna biyu wayam.
Yaushe na saki igiyar? Tambayi ruwa.

Na uku ba tsibiri ba ne sosai,
yashi ne da teku ke ba da aro na awa biyu.
Can na yi la'asar, zanena na ɗiga,
kafin in shafa addu'a
an share gurbin goshina.
Na kwance ƙullin dambun nama,
wani tsoho ɗan Ohayo ya ci, ya ƙara, ya nemi sunansa.
Ni kuwa sunan da ke bakina daban ne.
Na faɗa wa Raliya shi, duka, har hular.
Ba ta ce komai ba, ta matse mini bakin zane.

Da rana ta yi ja, Odalis ta ɗaga yatsa
tana bin kawunanmu ɗaya-ɗaya.
Sha huɗu, in ji ta, ta tada inji.
Ban gyara mata lissafi ba.
Na dai matsa kaɗan a kan benci,
na bar wurin yaro ɗaya ta gefen ruwa.