Tagar Wendell

Daren Talata a Dayton. Dusar ƙanƙara ta binne motar maƙwabci.
Ni da Renata a teburin kicin,
takarda biyu a gabanmu, shayi ya huce.

Ta dama, ta otal ce kai tsaye:
kwana shida, dala dubu huɗu da ɗari biyu.
In ka fasa, a mayar maka da abinka.
Har da lambar da za ka kira ka zazzaga faɗa
ga wanda ake biya don ya sha faɗa.

Ta hagu, ta wata Orla Pruett ce, can Duluth,
ko muryarta ban taɓa ji ba.
Maki gare ta, na ɗaki a wannan otal ɗin dai,
ita da mijinta suka saya tun ina ɗan sakandare.
Za ta ba mu hayarsu, dubu biyu da ɗari uku.
In ka fasa, kuɗi sun bi ruwa.

Renata ta ce araha ba ta ado.
Na ce ni bakanike ne,
na san birki nawa zan ɗaure kafin in tara bambancin.
Ta ce, in Odell ya tashi da zazzaɓi ranar tafiya fa?
In guguwa ta sauka Florida?
In matar nan ba mata ba ce,
wani ƙato ne da kwamfuta a ɗakin uwarsa?
Na rasa amsa. Na kalli firij
inda Juniper ta manna zanen jirgin lilo,
ta zana mu huɗu, duk bakinmu a buɗe.

Na tura rabin kuɗin da hannu yana rawa.

Wata bakwai ina kwana da sunan baƙuwa a kaina.
Ɗakin nata ne har ranar da muka shiga;
da waya ɗaya za ta iya share mu.
Sau ɗaya ta rubuto abin da ba lissafi ba:
"Ku roƙi hawa na huɗu, gefen tafki.
Wendell yakan ja kujera bakin taga da ƙarfe tara.
Ni gwiwa ta hana ni jirgi yanzu,
amma kuɗin shekara ba ya tambayar gwiwa."
Mai ɗaki, ashe, shi ya san inda yake masa yoyo.

Orlando ta tarbe mu da zufa.
Yarinyar kanta ta buga sunana, ta yamutsa fuska,
ta sake bugawa.
Renata ba ta dube ni ba, na ji nauyin rashin dubawar.
Ashe harafi ɗaya Orla ta tsallake.
Katin ƙofa huɗu suka faɗo a tafina, da ɗumi.

Ba mai gyara gado kullum, tawul sai ka shanya.
Odell ya yi amai bayan lilo na uku,
ruwan kwalba ya ci kuɗin abincin rana,
ƙafafuna suka kumbura a layi.
Abin da muka rage, rabinsa ya narke a askirim da huluna masu kunne.

Amma ƙarfe tara na ja kujera.
Sama ta fashe ja da kore a kan ruwa,
yara suka manne goshi da gilashi,
ni kuwa ina zaune a gurbin mutumin da ban sani ba,
ina cin kwanakin da ya biya bai kai ba.

Na ɗauki hoto na aika mata.
Sai da asuba amsa ta zo:
"Ba wannan tagar ba ce, tamu tana kallon gada.
Amma na gode. Ku bar kujerar a wurin."