Ashirin da Uku

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
nan shagon babana yake, Malam Sidi mai hoto.
Kujera ɗaya, labule shuɗi
da aka zana wa jirgin sama,
don wanda bai taɓa wuce Wad Madani ba
ya tsaya gabansa ya riƙe ƙugu.

Fim ɗaya, hoto talatin da shida.
Yana kashe su ɗai-ɗai
kamar mai awon dawa a shekarar fari.
"Gyara rawani. Ɗaga haɓa. Kar ka ƙifta."
Ya ɗauke numfashi, ya danna.
Shi ke nan.
Wanda ya ƙifta ya ƙifta,
haka jikokinsa za su san shi, ido a rufe.

Da dare mu shige ɗakin duhu,
jar fitila, warin magani mai hawa kai.
Ni ke ƙirga, shi ke kaɗa faranti.
Farar takarda ta yi shiru cikin ruwa,
can sai gira, can sai baki,
mutum ya taso a hankali
kamar guga daga rijiya mai zurfi.
Ranar da na ɗaga dodon hoton Inna Laraba,
fuska fara fat, haƙora baƙi ƙirin,
kuka na fasa.
Ya ce, "Yi haƙuri, yaro, ba a wanke ta ba tukuna."

Tawa kyamarar ba ta san jira ba.
Ba fim, ba ruwa, ba duhu,
haske ya shiga ya zama lissafi.
A bikin Zulai na ɗauki ɗari takwas
kafin jabana ta huce.
Mata suka rufe ni: "Mu gani! Mu gani!"
"Goge wannan, tobina ya karkace."
Na goge.
"Goge wancan, na yi kama da mai jin yunwa."
Na goge.
Ba zan ci amanarta ba:
tana gani a inuwar da tasa ke makancewa,
kuma kafin a sallame isha
goggonmu a Kano ta ga amarya, har ta yi guɗa.

Amma katin bai kai farcen babban yatsa ba.
Wata safiya na saka shi, ya ce babu kome.
Ɗari takwas, ko toka.
Baba ya kurɓi shayinsa bai dube ni ba:
"Mai kwana bakin kogi
ba ya rufe tulu."

Bara da damina, laka har gwiwa,
muka kai shi.
Bayan bakwai na buɗe akwatinsa,
ga tsohuwar, a naɗe cikin jallabiya.
Ƙaramar tagarta na nuna ashirin da uku.
Akwai fim a ciki.

Wa ya ɗauka?
Wa ya ce wa ya ɗaga haɓa?
Na zaga gari, babu sauran mai wanki,
shagon ƙarshe waya yake gyarawa.
In na buɗe bayanta in leƙa,
hasken da ya rubuta su
shi zai cinye su.

Don haka tana nan bisa kanta,
kusa da radiyo.
Mutum ashirin da uku zaune cikin duhu,
sun gyara rawani,
ba su ƙifta ba,
suna jira a wanke su.