Wa Ke Iza Wutar Wikki?

Mun bar Wunti rana ba ta ɗaga ba,
mu shida a motar Baffa Jauro
wadda ƙofar bayanta ba ta rufuwa sai da igiya.
Dada a gaba, gwiwoyinta naɗe da tsumma,
Goggo Tabawa na jan carbi tana gyangyaɗi,
kwanon masa a cinyar Adda Laraba,
ni da Babayo muna rigimar taga.
Inna ba ta zo ba.
Kwananta tara da haihuwa, tana wankan jego.
Ta ce, ka kallo mini komai.

A Dindima muka saki titin Gombe.
Bayan ƙofar Mainamaji daji ya rufe mu,
ga kashin giwa tsibi a tsakiyar hanya, ɗanye,
mai shi kuwa ko wutsiyarta.

Sai matakala, ta yi ta gangarawa da mu.
Ruwa na ɓulɓulowa daga gindin dutse,
garau, har kana ƙirga yatsun ƙafarka
a kan farin yashi.
Na tsoma ƙafa ina jiran sanyi ya sare ni.
Ɗumi.
Ba zafin tukunya ba,
ɗumin tabarmar da wani ya tashi a kai yanzun nan.

Ni na san kuɗin ruwan zafi.
Na Inna dami guda yake ci kullum,
ni ke ɗauko itacen, ni ke shan hayaƙin.
Sai na fita ina ɗiga, na zaga bayan dutse
ina neman murhu.
Ba toka, ba gawayi, ba mai izawa.

Baffa, da yake malamin labarin ƙasa ne,
ya gyara zama cikin ruwa har ƙirji.
Ya ce can ƙasa,
ƙasa da rijiya, ƙasa da saiwar kuka,
dutse kansa narkewa yake kamar man shanu a kasko.
Ruwan saman da ya zuba tun ba a haifi Dada ba
shi ya nutsa, ya ji ɗumin, ya kamo hanya ya dawo.
A wasu ƙasashe wutar takan fusata,
ta fasa kan dutse ta yi amai.
Tamu mai kunya ce, in ji shi,
ba ta fitowa gaban baƙi,
sai dai ta aiko da gaisuwa.

Dada ta kwance tsumma, ta miƙe ƙafafu.
Ta ce, ikon Allah dai, ka ƙyale yaro ya yi wanka.
Can na ji tana dariya ita kaɗai,
wai gwiwarta ta hagu ta yi shiru.

Ana haka Adda ta kurma ihu, Gwaggo! Gwaggo!
Goggo Tabawa ta amsa, na'am?
Shi kuwa gwaggon biri yana bisa reshe
da kwanon masarmu a hammata,
yana ci ɗaya-ɗaya, yana kallonmu
kamar mu ne muka zo roƙo.

Da za mu tafi na cika gorar roba
daga daidai bakin dutsen, inda ya fi ɗumi,
na murɗe murfi da ƙarfi.
Kafin Mainamaji ta fara hucewa.
A gadar Dindima ta zama ruwa kawai.
Na cusa ta cikin riga, na rungume,
na bar wa Babayo tagar.
Yunwa, barci, fitilun Bauchi.

Inna na zaune, jaririya a kafaɗa.
Na zaro gorar na miƙa mata, ban ce komai ba.
Ta ɗora ta a kumatu, ta daɗe,
sannan ta dafa cikina inda gorar ta kwanta.
Ta ce, lallai kam.
Akwai wuta a ƙarƙashi.