Kayan da Ba Sa Cikin Jaka

Ranar da aka kawo Tasi'u gidanmu a Gwale,
leda ɗaya ce a hannunsa:
riga biyu, wando, silifas mai tsinkakken hanci.
Na ce a raina, ashe kayan ba yawa.
Ban san sauran a jikinsa suke ba.

Daren farko na tarar da loma uku ta tuwo
a ƙarƙashin filo, naɗe cikin takardar lissafi.
Ban tanka ba.
Dare na biyu, rabin ƙosai.
A gidan da ya fito, can Kurna,
tukunya ba ta cika alkawari,
in ta tafasa yau, gobe ta yi gum,
yaro ya koyi ajiya kafin ya kai Fatiha.

Na ɗaga hannu zan kore masa ƙuda,
ya kare kai, ya runtse ido.
Hannuna ya tsaya a sama, kunya ta kama shi.
Wa ya riga ni zuwa wannan kunci?
Ban tambaya ba, don na sani.
Ƙanena ne, ciki ɗaya,
Allah ya jiƙansa, ya yafe masa saurin hannu.

Sahura kuwa bayan ƙaramar Sallah ta zo,
'yar aminiyata da jinya ta riƙe a asibitin Nassarawa.
Ita ba ta ɓoye komai, ko hamma.
Ta lashe kwano ta miƙo: "A ƙara min."
Ta ɗanɗana miyata ta yatsine:
"Ummana ba ta cika daddawa haka."
Maƙwabta suka ce yarinyar ido a tsakar ka.
Ni gidansu na hango a Sheka,
inda uba ke ajiye almakashi
ya saurari yarinya har ta kai aya.
Amma in dare ya raba, sai ta lallaɓo
ta kama bakin zanina,
ta kira ni da sunan da ba nawa ba,
in amsa.

Matar Malam Sidi ta leƙo ta katanga:
"Wahalar banza kike, hali zanen dutse ne,
ɗan riƙo kuma, riƙon mahaukaciya."
Na nuna mata bakin rijiyarmu.
Dutse ne shi ma,
ga hanyar da igiyar guga ta yi a jikinsa,
ba kuma a damina ɗaya ba.

Wata Laraba tururuwa ta tona asiri.
Sahura ta ɗaga filon, ta kwashe da dariya,
shi ya kafa mata haƙori a dantse.
Na tsaya tsakaninsu, ludayi a hannu,
na ga idonsa a kan ludayin, yana jira.
Na mayar da shi cikin tukunya.
Ya daɗe yana duban hannuna,
kamar wanda aka yi wa magana da baƙon yare.

Bayan sati, ina cin dambu a bakin madafa,
ya ce, "Gwaggo, ke me ya sa ba kya zama
in kina cin abinci?"
Lomar ta tsaya min a wuya.
Shekara arba'in da barina gidan riƙo a Fagge,
inda ake ƙwala min kira kafin in haɗiye,
ashe har yau a tsaye nake,
kunne na jiran ƙofa.
Ya jawo min kujera 'yar tsugunno.
Na zauna. Gwiwata ta yi ƙara.

Ba zan ce ya daina ba.
Jiya ma da na zo gyara shimfiɗa na ɗaga filon,
dabino biyu.
Ya shigo ya same ni, bai kare kansa ba.
Ya ce, "Ki bar su nan.
Ɗaya na Sahura ne."