Famfon Ɗaki na Bakwai

Shekara goma sha tara ina riƙe da makullan masaukin nan,
ɗaki tara, bayan Tashar Dukku,
ban san ana yi mini hisabi da taurari ba
sai da Bappah, ɗan ƙanwata, ya miƙo mini waya:
uku da ɗigo ɗaya, Kawu. Cikin biyar.

Na ce wa ya raba?
Ya ce waɗanda suka kwana.

A da, baƙo in ya ji haushi
a teburin mai shayi yake juye shi,
kafin azahar an manta.
Yanzu magana ba ta ruɓewa.
Direban da ya kwana nan damina biyu da suka wuce
har yau yana bakin ƙofata yana korar mutane,
alhali yana can Potiskum yana sharar barci.

Ran Asabar Bappah ya zo da kwamfutarsa.
Akwai manhaja, in ji shi, mai tsinto duk inda aka ambace ni,
akwai kuma wakili, ba mutum ba, amma yana karatu yana rubutu,
ƙirƙirarriyar basira suke ce masa.
Za a haɗa su kamar tiyo da bakin tanki.
Ya kwafo mabuɗi, haruffa arba'in
da ba su tada kalma ko ɗaya ba.
Na shafa nawa a aljihu, masu nauyi, masu tsatsa.
Sau biyu abin ya ƙi. Aka ɗauke wuta. Muka tada janareta.
A na uku ya kama.

Sai tambaya ta fito:
ya amsa da kansa, ko ya jira ka?
Na yi shiru har shayina ya huce.
Bakina fa ake neman aro.
Na ce mai godiya, ya gode masa.
Mai kuka, a bar mini shi.

Bappah ya sassauta murya, wai akwai masu sayar da yabo,
ɗari biyu a dare guda, su binne na gaskiya.
Na ce fenti bai taɓa hana gara cin ƙofa ba.

Da na dawo sallar asuba saƙo na jira na.
Na zaci sunayen maƙiya zai kawo,
don na daɗe ina hararar mai otal ɗin tsallaken titi.
Babu suna ko ɗaya. Lissafi ne:
cikin ƙorafi goma sha huɗu, sha ɗaya ɗaki na bakwai,
famfo yana tari da dare, da safe ba ruwa.
Biyu sauro.
Ɗaya ya ce fuskata ba fara'a.

Na san famfon nan.
Tun bara waccan na san shi.
Bokiti nake sa Sambo ya kai, in ce gobe.

Manu mai gyaran famfo ya zo da hantsi,
dubu shida, da 'yar roba kamar zobe.
Ko awa guda bai yi ba.

Wakilin ya tsara wa direban amsa,
sumul, kamar wasiƙar banki.
Na goge rabi, na sa Bappah ya rubuta:
Kana da gaskiya. An gyara.
In hanya ta biyo da kai Gombe, ɗakin naka ne, kwana ɗaya ba biya.

Bai amsa ba har yau.
Taurari sun kai uku da ɗigo huɗu, suna hawa kamar tsoho da tudu.
Wani dare nakan tsaya a ƙofar bakwai in kasa kunne.
Shiru.

Sauro mun sayo raga.
Maganar fara'a ce na'ura ba ta ce komai a kai ba.
Ita nake gwadawa a madubin kanta,
in Sambo ya fita ɗebo canji.